Ina Sauran Filin Ya Tafi? Sharhi Kan Lissafin Alwatika da Awon Filaye a Sakkwato

Tun da garin Sakkwato ya fara fantsama cikin gonakin da ke kewaye da shi, ta wajen Arkilla da Kalambaina, da kuma hanyar Gusau wajen Kwannawa, akwai wani ƙorafi da ake yawan ji daga masu sayen fili. Labarin kusan iri ɗaya ne. Mutum ya sayi fuloti ƙafa 50 da ƙafa 100. An ja tef a gabansa, dogayen gefen biyu kowanne ya ba da 100, gajerun kowanne 50, an kafa turaku, shaidu sun sa hannu. Daga baya ya tashi neman takardar mallaka, ya ɗauko safiyo. Takardar safiyo ta fito ɗauke da murabba'in mita 417. Yaronsa da ke sakandare ya danna waya ya ce ai hamsin da ɗari murabba'in mita 465 ne.

Sai a koma wajen dillali. Shi kuma ya ce, "Alhaji, gabanka munka auna, hamsin da ɗari cif." Mai saye ya ce, "To ina sauran yat tafi?"

A irin wannan rigima ana iya samun dillali bai yi ƙarya ba, safiyo bai yi kuskure ba, maƙwabci kuma bai ture turke ko ɗaya ba. Abin da ya faru shi ne an auna gefe huɗu, an bar awo na biyar. Fahimtar wannan awo na biyar tana bi ne ta kan wani tsohon lissafi da ake koyarwa a sakandare, wanda yawanci ake mantawa da shi da zarar an fita ɗakin jarrabawa: yadda ake gano girman alwatika daga tsawon gefenta uku kawai.

Tsawo daban, kewaye daban, girma daban

Abu uku ake cakuɗawa a wajen cinikin fili. Akwai tsawon gefe, wanda tef ke bayarwa kai tsaye, da ƙafa ko da mita. Akwai kewaye, wato jimillar gefen duka, shi ne abin da mai katanga ke buƙata don ya san bulo nawa zai buga. Sannan akwai girman fili, wato yawan ƙasar da ke cikin iyakar. Shi tef ba ya auna girma. Lissafa shi ake yi.

Ma'aunin girma shi ne murabba'in mita. A ɗauka tayil ne mai mita ɗaya ta kowane gefe. Idan an ce fili murabba'in mita 417 ne, ana nufin tayil 417 irin wannan za su rufe shi. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, eka ɗaya kusan 4,047, don haka hekta ta kusa eka biyu da rabi. Kalmar kadada kuwa sai an yi hattara da ita, domin wani na faɗinta yana nufin eka, wani yana nufin hekta. Ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce. Shi ya sa fuloti 50 da 100 na ƙafa, wanda ya zama murabba'in ƙafa 5,000, yake kamawa murabba'in mita 465, yayin da 15 da 30 na mita, da wasu ke ɗauka daidai suke da shi, yake tsayawa a 450.

Alwatika kuwa ita ce siffa mai gefe uku da kusurwa uku.

Abin da ya bambanta gefe uku da gefe huɗu

Duk wanda ya taɓa wasa da karan dawa zai gane wannan ba sai da allo ba. A yanko kara huɗu a ɗaure bakinsu su zama siffar ɗaki. Idan aka danna kusurwa ɗaya, siffar za ta karkace, ta kwanta, har ta kusa haɗewa. Tsawon karan bai canza ba ko kaɗan, amma sararin da ke tsakiyarsu ya ragu. A yi haka da kara uku. Ko an danna ba ta motsi, sai dai karan ya karye. Dalilin da ya sa kafinta ke haɗa katakon rufi alwatika-alwatika ke nan, kuma mai walda ke gitta ƙarfe a bayan ƙyauren get.

Ma'anar wannan a awon ƙasa ita ce, tsawon gefe uku siffa ɗaya tak suke iya bayarwa, don haka girma ɗaya. Tsawon gefe huɗu kuwa suna iya ba da siffofi barkatai, kowace da girmanta. Wanda ya ce fili 50 da 100 ne bai gama faɗin girmansa ba, sai ya ƙara da cewa kusurwoyin a tsaye suke, irin abin da magina ke kira sukwaya. Idan ba a tabbatar da haka ba, lambar 5,000 zato ce.

Lissafin kansa

Abin da aka fi sani daga firamare shi ne girman alwatika rabin gindi ne sau tsayi. Gaskiya ne, amma tsayin da ake nufi shi ne layin da ya sauko daga ƙoƙuwar alwatikar ya dira a kan gindin a tsaye. A takarda jan wannan layi ba wuya. A gona kuwa, inda akwai kunya da rijiya da ƙaya, gano daidai inda zai dira aiki ne. Saboda haka mutane da yawa sukan ɗauki gefe biyu kawai su ninka su raba biyu, kamar ɗayan shi ne tsayin.

A ɗauki wani yanki na fadama mai gefe mita 50, 60 da 70. Wanda ya ɗauki 50 da 60 zai samu 1,500. Wanda ya ɗauki 50 da 70 zai samu 1,750. Wanda ya ɗauki 60 da 70 zai samu 2,100. Gona ɗaya, amsa uku, kuma babu ta daidai a ciki.

Lissafin da ake jinginawa wani masanin zamanin da mai suna Heron ba ya neman tsayi. Ana haɗa gefen uku a raba biyu, a sami rabin kewaye. A nan 50 da 60 da 70 sun zama 180, rabinsu 90. Sai a cire kowane gefe daga 90 ɗin: saura 40, 30 da 20. Sai a ninka lambobin huɗu: 90 sau 40 sau 30 sau 20, ya ba da 2,160,000. Abin da ya rage shi ne a nemo lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan adadi. Ita ce 'yan makaranta ke kira sukwaya rut, kuma alamarta √ tana nan a kalkuletar kowace waya, wani lokaci sai an kwantar da wayar take bayyana. Amsar ita ce kusan 1,470.

A rubuce, idan gefen su ne a, b da c, rabin kewaye kuma s:

Girma = √[s × (s − a) × (s − b) × (s − c)]

Murabba'in mita 1,470 ke nan, eka ɗaya bisa uku da 'yan kai. Mai 2,100 ya ƙara wa gonar sama da kashi 40 cikin ɗari da babu su a ƙasa. Daga amsar ma ana iya komawa baya a gano tsayin da ya gagara aunawa: a ninka 1,470 da biyu a raba da 70, a sami mita 42.

Daga ina ya fito

Heron masanin lissafi da ƙere-ƙere ne da ya rayu a birnin Iskandariyya ta Masar a ƙarni na farko miladiyya. Hujjar wannan lissafi tana cikin littafinsa Metrica, wanda ya ɓace tsawon ƙarnoni har sai da aka gano kwafinsa na hannu a Istanbul a 1896. Masanin Musulmi Al-Biruni ya ce asalin lissafin na masanin Girka Arkimidis ne, wanda ya riga Heron da kusan shekara 300. A Bagadaza ta ƙarni na 9, 'yan'uwan nan uku da ake kira Banu Musa sun kawo hujjarsa a littafinsu na awon siffofi. A ƙasar Sin kuma Qin Jiushao ya rubuta makamancinsa a 1247, ta hanyarsa daban.

Wanda ke son ya ga dalilin da ya sa lissafin ke aiki, ya duba misalin da masanin lissafi Al-Khwarizmi ya kawo a babin awon ƙasa na littafinsa na aljabra: alwatika mai gefe 13, 14 da 15. Ya nemo inda tsayi zai dira a kan gefen 14, ya samu ya raba shi gida biyu, 5 da 9, tsayin kuma 12 ne. Rabin 14 sau 12 ya ba da 84. In aka bi ta hanyar Heron, rabin kewaye 21 ne, 21 sau 8 sau 7 sau 6 ya ba da 7,056, kuma 84 sau 84 shi ne 7,056. Wato lissafin Heron ba wani sihiri ba ne. Rabin gindi sau tsayi ne dai, sai dai an riga an yi wahalar nemo tsayin sau ɗaya an dunƙule ta a cikin ƙa'idar, don kada kowa ya sake yin ta.

A koma kan fulotin Alhaji

Duk fili mai gefe huɗu alwatika biyu ne da suka haɗa baya. Idan aka ja tef daga turke ɗaya aka ratsa tsakiyar filin zuwa turken da ke kallonsa, an raba shi. Wannan layin ratse, wanda magina ke cewa dayagonal, shi ne awo na biyar.

A fuloti 50 da 100 mai kusurwoyi a tsaye, layin ratse ƙafa 111.8 ne, kuma ta kowace kusurwa aka ja shi haka zai bayar. A ce a filin Alhaji an ja an samu 130. Kowace alwatika tana da gefe 50, 100 da 130. Rabin kewaye 140. 140 sau 90 sau 40 sau 10 ya ba da 5,040,000. Amsarsa kusan 2,245. Biyu sun zama murabba'in ƙafa 4,490, wato murabba'in mita 417 ɗin da safiyo ya rubuta. Giɓin murabba'in ƙafa 510 ne, wurin ɗaki uku da rabi irin na 12 da 12. Idan a ce an sayi filin naira miliyan 3 bisa cewa 5,000 ne cif, kuɗin ƙasar da babu ita ya haura naira 300,000.

Amma kada a ɗauka duk karkata ce ke cin fili haka. Da layin ratsen 120 ne, girman zai kama 4,909, ragin bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. Da 140 ne, zai faɗo 3,521, kusan kashi 30 sun tafi. Asarar tana farawa a hankali, sannan ta yi tsalle. Wannan ne ya sa mutane da yawa suka yi shekaru suna saye da sayarwa da gefe huɗu ba su ga wata matsala ba. Yawancin filayen da aka yanka a jere karkatarsu kaɗan ce. Matsalar tana ɓuya ne a filayen kwana, da na bakin titin da ya gitta, da ragowar gefen gona da aka cusa a zane don kada a yi asarar wuri.

Hanyar da aka gada

A gonaki, inda gefe da gefe ba sa zuwa daidai, hanyar da aka fi bi ita ce a haɗa gabas da yamma a raba biyu, a haɗa kudu da arewa a raba biyu, a ninka. Tsohuwar hanya ce ƙwarai. Da ita aka lissafa gonakin da aka rubuta a bangon haikalin Edfu na Masar sama da shekara 2,000 da suka wuce.

Masu riƙe da ita suna da hujjarsu. Ba ta buƙatar kalkuleta, kowa a wurin yana iya bin lissafin da kansa, kuma ba a shiga tsakiyar shuka. Idan gona ta kusa zama mai kusurwoyi a tsaye, amsarta tana kusa da gaskiya. Sannan a ƙauye iyaka ake saye, daga gamban nan zuwa waccan tsamiya, lambar da aka rubuta shaida ce kawai.

Aibinta ɗaya ne, amma babba. Kuskurenta ta ɓangare ɗaya kawai yake faɗuwa. Masana lissafi sun tabbatar cewa ba ta taɓa ba da ƙasa da girman gaskiya. Ko dai ta zo daidai, wanda ba ya faruwa sai kusurwoyi huɗun duk a tsaye suke, ko ta yi ƙari. Kuskuren da wani lokaci yake ƙari wani lokaci ragi yakan biya kansa idan ciniki ya yi yawa. Wannan kuwa kullum mai sayarwa ne ke cin ribarsa, ko da shi bai sani ba.

Ga gona mai gefe mita 120, 90, 100 da 60 a jere. Tsohuwar hanya za ta ce 110 sau 75, wato 8,250. A ja layin ratsen da ya bar gefen 120 da 90 a ɓangare ɗaya, a ce ya ba da 150. Alwatika ta farko, 90, 120, 150, tana da 5,400. Ta biyu, 60, 100, 150, tana da kusan 2,012. Jimilla 7,412. Bambancin ya haura murabba'in mita 800, kusan fuloti biyu. Akwai ma abin da ya fi wannan. Wani masanin Indiya, Brahmagupta, ya rubuta a shekarar 628 wani lissafi mai kama da na Heron na siffa mai gefe huɗu, kuma amsar da yake bayarwa ita ce iyakar girman da waɗannan gefe huɗu za su iya ɗauka ko yaya aka juya su. A wannan gona iyakar 8,100 ce. Ke nan 8,250 lamba ce da babu gonar da za ta iya kai ta da waɗannan gefe.

Inda shi ma lissafin Heron ke kayar da mutum

Ƙa'idar ba ta kuskure, amma abin da aka ba ta shi take dafawa. Igiya tana miƙewa, tef yana lanƙwasa idan an ja shi da nisa ba a ɗame ba, takun dogo ba na gajere ba ne. Idan wani gefe da ƙafa aka auna shi wani da mita, amsar ba ta da ma'ana.

Babban tarkon shi ne siririyar alwatika, mai kama da tsinken tsire. A gwada gefe 50, 100 da 148: girman kusan 850. A ƙara mita ɗaya kacal, ya zama 149: girman ya faɗo 607. Kuskuren taku guda ya cinye fiye da kwata. A gonar farko kuwa, mai 50, 60, 70, da an yi kuskure an rubuta 71, amsar za ta tashi daga 1,470 zuwa 1,476 ne kawai. Don haka idan za a raba fili, a zaɓi layin ratsen da zai ba da alwatika masu ƙiba. In da hali a ja layukan ratse biyun, a yi lissafin sau biyu. Idan amsoshin sun yi nesa da juna, akwai awon da aka yi ba daidai ba.

Lissafin yana da wata hanyar tona asiri. Gefe biyu na alwatika in an haɗa su dole su fi na ukun tsawo. Idan aka kawo 30, 40 da 80, ɗaya daga lambobin zai fito ƙasa da sifiri, kalkuleta ta ƙi ba da amsa. Ba wayar ce ta lalace ba, irin wannan fili ne babu shi.

Sai gangare. Tef da aka shimfiɗa a kan tudu ya fi nisan gaskiya tsawo, ita kuwa takardar safiyo girman shimfiɗe take rubutawa, kamar an hango filin daga sama. A cikin gari bambancin ƙanƙani ne, amma a gonar da ta gangara kwari yana fitowa. Gonakin bakin gulbin Rima kuma iyakarsu a lanƙwashe take, tana ma iya sauyawa bayan ambaliya. Irinsu sai an kafa turaku da yawa a bakin ruwan, an yanka gonar alwatika biyar ko shida, an haɗa amsoshin.

Tef, waya ko safiyo

Yanzu akwai manhajojin waya da mutum zai zagaya gona da su su faɗi girmanta. Matasa sun karɓe su hannu biyu, dattawa na kallonsu da shakka, kuma kowanne yana da rabon gaskiya. GPS na wayar hannu yakan kauce da mita uku zuwa biyar ko a fili tarwai. A gona mai hekta biyar wannan ba wani abu ba ne, ya ma fi takun ƙafa nesa ba kusa ba. A fulotin da faɗinsa mita 15 ne kuwa, kaucewar mita huɗu ta isa ta kai mutum cikin ɗakin maƙwabci. A ƙaramin fili, tef mai kyau da lissafin Heron sun fi waya.

Safiyo na amfani da na'urorin da kuskurensu santimita ne, yana fitar da lambobin matsayin kowane turke, daga nan kwamfuta ta lissafa girman. Idan aka bi diddigin abin da kwamfutar ke yi, alwatika take tarawa ita ma. Bambancin da ya fi muhimmanci na doka ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, shi ke ba da takardar mallaka a cikin birni, ƙananan hukumomi kuma suna ba da izinin gargajiya a karkara. Zanen da hukuma da banki ke karɓa shi ne wanda safiyo mai rajista ya sa wa hannu. Lissafin da mutum ya yi a bayan ambulan ba zai maye gurbin wannan ba. Amfaninsa shi ne kafin a biya kuɗi, lokacin da ake iya fasawa ko a nemi ragi.

Dillalai suna da wata magana da ya kamata a saurara. Suna cewa yawancin ciniki na gani da ido ne: an nuna maka turaku huɗu, ka zagaya, ka yarda, ka biya. Ba a sayar maka da ƙasa mita-mita ba. Masu saye kuma suna cewa da zarar an rubuta "50 da 100" a takarda, an yi alƙawarin girma. Wanne ne ya ɗauru, wannan magana ce ta alƙali da abin da shaidu suka ji. Abin da lissafi ke iya cewa kawai shi ne rubutun "50 da 100" shi kaɗai bai isa ya raba gardamar ba, domin fili mai 5,000 da mai 3,521 duk suna amsa wannan suna.

Rabon gado, jinga da taki

Inda abin ya fi taɓa talaka shi ne rabon gado. Malamai sun ƙware wajen fitar da kason kowa a lissafi, rabi, sulusi, sumuni. Wahalar tana zuwa ne ranar da za a mai da kason nan ƙasa da igiya.

A koma gonar 50, 60, 70. Idan aka ce a raba ta biyu, abin da ido ke rayawa shi ne a je tsakiyar gefe biyu a gitta igiya. Wanda ya samu ɓangaren tsinin kwata kawai ya samu, kusan 368, ɗayan ya tashi da 1,102. Hanyar da ke fitar da rabo daidai ta fi wannan sauƙi. A zaɓi gefe ɗaya a raba tsawonsa bisa kason magada, sannan a ja igiya daga kowace alama zuwa kusurwar da ke fuskantar gefen. Tunda duk yankunan tsayinsu ɗaya, girmansu zai bi faɗin gindinsu. Idan magadan ɗa ne da 'ya su kaɗai, a raba gefen 60 zuwa 40 da 20, namiji ya samu 980, mace 490. Sai dai idan magada sun yi yawa yankunan za su fito sirara, ga shi kuma ɓangaren da ke kusa da ruwa ko hanya ya fi daraja. Shi ya sa sau da yawa ake yi wa gonar kuɗi a raba, ko wani ya biya wani ciko. Amma ko yi mata kuɗin ma yana farawa ne daga sanin girmanta.

Manomin shinkafa a Wurno ko mai albasa a fadamar Kware shi ma abin ya shafe shi ta wata fuska. Mai tarakta da 'yan jinga bisa girman gona suke yanka kuɗi. Shawarar malaman gona kan taki da iri da maganin feshi kuma da hekta ake ba da ita. Wanda ke ɗaukar gonarsa 8,250 alhali 7,412 ce, duk shekara yana biyan kuɗin huɗar ƙasar da ba shi da ita, yana kuma zuba wa shukar taki da magani fiye da ƙima da kusan kashi ɗaya cikin goma. A nan kuskuren ya juya kan mai gonar.

A wajen sayen fuloti kuwa, abin da ake buƙata bai wuce tef mai tsawon da zai ratsa filin ba, da mutum biyu, da minti goma. A auna gefe huɗu kamar yadda aka saba, a ƙara layin ratse. Idan filin 50 da 100 ne, a duba ko ya kusa ƙafa 112. Idan 15 da 30 ne na mita, mita 33.5, idan 100 da 100 ne, ƙafa 141. Sannan a zana siffar filin a takardar ciniki, a rubuta lambobi biyar ɗin a jikin zanen, tare da bayyana ko ƙafa ce ko mita, kafin shaidu su sa hannu.